Muryar da Ardis Ta Sani

A shekarar da mijina Lyle ya rasu ban iya tuƙi ba, garinmu kuwa ba garin da ake rayuwa da ƙafa ba ne. Wata Lahadi ina tsaye a bakin titi rungume da tukunyar miyar kaza da na dafa don cin abincin coci, dusar ƙanƙara na sauka, iskar Kanada na yankan kunne, bas ya ƙi zuwa. Sai wata tsohuwar mota ta tsaya a gabana. Orval Tangen ne. Sanin da na yi masa a lokacin bai wuce na mutumin da yake karanta mana Zabura ba. Ya miƙo hannu ya buɗe ƙofa, na shiga. Ba mu yi nisa ba wata barewa ta gifta, ya taka birki, murfi ya yi tsalle, miya ta bi kujera har ƙasa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Shi kuwa sai ya ja iska ta hanci, ya ce, "Madalla. Shekara da shekaru motar nan warin jiƙaƙƙen takalmi take yi, yau dai ta samu ƙarin girma." Da ya ji an ɗauke ni aikin sayar da kofi a ɗakin ƙasa na majalisar jiha, inda shi ma yake aiki, bai tambaye ni ko ina so ba. Kowace safiya sai in ji hon a ƙofar gida.

Uban Orval ɗan gwanjon shanu ne, irin mutanen nan da harshensu ke gudu har ka sayi saniya ba ka san ka ɗaga hannu ba. Ɗan bai gaji gudun ba, ƙirjin ya gada. Muryarsa mai kauri ce, a hankali take tafiya, ba ta tuntuɓe. Tun yana saurayi gidan rediyon garin ya ɗauke shi, yana karanta farashin masara da alkama da aladu, da yanayin sama, da sanarwar rasuwa. Ardis, wadda ta zama matarsa, a waya suka fara haɗuwa. Ta kira gidan rediyon ta ce a gaya wa mai karanta farashin nan ya daina yi wa aladu jana'iza, kasuwa ce ta faɗi, ba mutum ba. Ashe shi ne ya ɗauki wayar. Daga ranar ta sa masa suna Mai Aladu, sunan kuma ya bi shi har furfura. Allah bai ba su haihuwa ba. Da wani babban kamfani ya saye gidan rediyon ya koma turo shirye-shirye daga nesa, Orval ya samu aikin mai karatu a majalisar dattawan jiha. Ya yi rantsuwa, aka ba shi tebur a gindin kujerar shugaba.

Aikin ba mai nauyi ba ne. Tsarin mulkin jiharmu, tun zamanin da rabin 'yan majalisa ba su iya karatu ba, ya ce ba a kaɗa ƙuri'ar ƙarshe kan ƙudurin doka sai an karanta shi a fili daga farko har ƙarshe. Amma da daɗewa aka saba yafe wannan. Shugaba ya tambaya ko akwai mai ƙin a taƙaita, kowa ya yi shiru, Orval ya karanta kan ƙudurin kawai, guduma ta sauka. Sai dai mutum ɗaya ya isa ya ce bai yafe ba. Jefi-jefi wani yakan yi hakan don ya nuna fushi. Orval ya yi ta karatu zuwa tsakar rana, manya su shige ɗakin baya, a aiko in kai musu tiren burodi da nama, su fito sun daidaita. Ba a taɓa kaiwa yamma ba. Mataimakin mai karatu kuwa tun shekarun tsuke bakin aljihu aka soke kujerarsa, masu rinjaye da 'yan adawa suka yi wa kansu tafi.

Ardis ciwon suga ne ya fara ɗauke mata ido, sannan mantuwa ta biyo baya. Ranar da ta kunna murhu ta ɗora tawul a kai, Orval ya yarda aka kai ta gidan kula da tsofaffi da ke bakin kogi. Ta manta sunan titinsu, ta manta ƙanwarta, wani lokaci har amfanin cokali. Hannun Orval ma in ya taɓa ta bai yi magana ba sai ta fizge. Amma da ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ardis, ni ne," sai fuskarta ta washe, ta ce, "Ka makara, Mai Aladu." Ya zauna ya karanta mata duk abin da ya samu, jarida ko Zabura ko takardar da ke cikin kwalin magani. Ba ma'anar take bi ba. Kullum in mun tashi aiki can muke biyawa, ni in zauna a baranda da saƙata, ina jin muryar tana fitowa ta ƙarƙashin ƙofa. Abin da ya rage tsakaninsu ke nan.

Mai kula da ita wata mata ce, Shawna, wadda ita kaɗai ta san yadda ake ba Ardis abinci ba ta tofar ba. Shawna in ta tashi daga nan sai ta wuce wani aikin a gidan mai. Abokan aikinta suna ta sulalewa ɗaya bayan ɗaya, wasu zuwa kamfanin yanka dabbobi, wasu zuwa sharar gidajen gilashin da aka jera a bakin tafki, waɗanda masu su ke zuwa da jirginsu su ɗan kwana su tafi. An riga an rufe ɓangare ɗaya na gidan tsofaffin don babu ma'aikata. In ka leƙa sai ka ga gadaje tsirara, an jingina katifu da bango.

A wannan shekarar ne masu rinjaye suka kawo ƙudurin da suka ce zai rage tazarar da ke tsakanin mai shi da marar shi. A ƙara wa manyan masu samu haraji, a ɗaga mafi ƙarancin albashi, a ƙara wa irin su Shawna. Don kada 'yan adawa su tsinke shi gaɓa-gaɓa, sai suka ɗinke komai wuri guda, har da jadawalin harajin kowace gunduma. Doka kuma ta yanke ranar da majalisa za ta tashi, daidai lokacin da ƙanƙara ke narkewa. Duk ƙudurin da bai wuce ba kafin ranar ya mutu.

Shugabar masu rinjaye, Sanata Marlys Okerlund, tsohuwar malamar makaranta ce. Jagoran adawa kuwa Sanata Royce Dahlke ne, mai garken shanu, wanda bas ɗaya suke shiga zuwa makaranta da Orval suna yara. A gaban teburina suka haɗu wata safiya, ita riƙe da ƙudurin a hammata.

Royce ya ce, "Malama, wannan doka ce ko bulo? In ya faɗo wa mutum a ƙafa ai sai asibiti."

Ta ce, "Ka ga amfaninsa ke nan. In ka je asibitin ka tarar da mai duba ka."

"Ki ɗora wa masu kuɗi haraji, su tattara su tsallaka iyaka, su bar ki da wa? Da ni da Verna mai kofin nan. Mai gidan abincin garinmu ma'aikata uku gare shi. Ki tilasta masa ƙarin albashi, ya sallami ɗaya. Sai ki je ki gaya wa wanda aka sallama kin rage tazara."

"Sarkin shanu, gonarka daga kogi har inda ido ya ƙare, kai ne za ka koya mini tausayin mai gidan abinci? Matar da ta yi jinyar mahaifiyarka a cikin mota take kwana."

Fuskarsa ta canza. Ya ce, "Kada ki sa uwata a ciki."

Ya ɗauki kofinsa ya tafi bai sa murfi ba. Na san su duka biyun. Babu mugu a cikinsu, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Tun kafin Kirsimeti na lura Orval yana yawan gyaran murya. Ya fara ajiye alewar tari a aljihu. Wata Lahadi ya kai tsakiyar Zabura sai muryar ta tsage kamar an taka busasshen kara, ya tsaya ya haɗiyi yawu. Ana saura 'yan makonni majalisa ta tashi, muna kan hanya da safe, ya gaya mini ya ga likita. An zura masa wani abu ta hanci, an ga tsiro a maƙogwaro. Ƙarami ne tukuna, amma likita ya ce ba irin mai jira ba ne. An ba shi ranar aiki a mako mai zuwa, an ce kafin nan ya yi shiru, ko waya kada ya amsa. In aka cire shi yanzu muryar za ta tsira. In aka ja lokaci, likita ya ce ba zai yi alkawari ba.

Na ce, "To sai ka kai musu takardar likita, shugaba ya naɗa wani."

Ya ce, "Na ɗaga ranar zuwa bayan an tashi. Me nake karantawa, Verna? Kan ƙuduri, layi biyu. Ban taɓa fashin ranar rufewa ba, ba kuma zan fara a kan wannan ba."

Shawna ta ba shi shawara ya ɗauki muryarsa a waya, ko don gaba. Ya ce sai ta washe tukuna, ba zai bar wa Ardis kukan kwaɗo ba.

Akwai lasifika a bangon ɗakina da ke kawo duk abin da ake yi a zauren majalisa. Ta nan na ji ranar da aka kawo ƙudurin karatun ƙarshe. Shugaba ya yi tambayar da ya saba, cikin muryar wanda ba ya jiran amsa. Sai na ji kujera ta yi ƙara, muryar Royce ta biyo baya.

"Mai girma shugaba, ban yafe ba. Tun da malamarmu ta rubuto mana littafi, ai sai a karanta mana shi mu ƙaru."

Aka yi dariya, har da masu rinjaye. Orval ya buɗe shafin farko ya fara. Gaskiya ita ce ya ji daɗin safiyar nan. Mutumin da ya shekara yana karanta layi biyu yau an sakar masa fili. Ya ja jimla, ya sauke ta a hankali, har masu shara suka tsaya a ƙarƙashin lasifika suna saurare, alhali maganar rabe-raben haraji ce. Ni kuma na shirya tiren burodi da nama, na rufe shi da tawul, ina jiran a aiko. Tsakar rana ta yi, ta wuce. Ba wanda ya aiko. Na hau da tiren da kaina, na tarar da ɗakin baya a kulle, fitila a kashe. Na sauko da shi yadda na hau da shi.

Washegari ma haka, da ranar da ta biyo baya. Zaure ya zama kusan kango. Masu rinjaye suna barin 'yan tsiraru suna latsa waya, 'yan adawa kuma suna karɓa-karɓa, kullum akwai ɗaya zaune da nasa kwafin, yatsa a kan layi. Kowane ɓangare yana fita gaban 'yan jarida. Marlys ta ce ga masu kare attajirai sun toshe wa talaka hanya. Royce ya ce shi bai nemi komai ba sai abin da tsarin mulki ya ce, in suna jin kunyar dokarsu su janye ta. Kowa yana cewa gobe ɗayan zai gaji, don haka aka saba.

Na koma dafa wa Orval ruwan zuma da lemun tsami ina kai masa lokacin hutu. Wata rana na tarar da Marlys ta sunkuya a teburinsa tana magana ƙasa-ƙasa.

"Baba Orval, na ji an ce masu karatun da can sukan juya shafi bibbiyu in an yi nisa."

Ya nuna mata da haɓa inda wata sabuwar sanata ta adawa take zaune da yatsa a kan takarda. Ya ce, "Wannan ko numfashi na tsallake sai ta miƙe."

"To ka ɗan ƙara wuta. Da wannan tafiyar taka sai mun kai ranar rufewa."

"Ranki ya daɗe, ubana ne mai gudu, ya kuwa rasu."

Ta yi murmushin dole ta tafi. A mota na sake yi masa maganar takardar likita. Ya girgiza kai. Ya ce lokacin wannan ya wuce. Lauyoyin adawa sun riga sun sanar cewa in aka sauya mai karatu a tsakiya za su ce a koma shafin farko, kwanakin da suka rage kuwa ba za su isa ba. Ya ce, "Da ranar farko na kai, da yanzu wani ne a wurin. Na ɗauka zuwa tsakar rana ne." Sannan ya ce, "In ƙudurin nan ya mutu Shawna za ta tafi. Wa zai ba Ardis abinci?"

Kogin ya fara sakin ƙanƙararsa a makon. In mun tsaya a gidan tsofaffi sai mu ji shi yana gurnani daga ƙasa, kamar ana jan katako mai nauyi a wani ɗaki. Muryar da Orval ke kawowa nan da yamma ragowa ce, abin da zaure ya bari. Da farko Ardis takan karkata kai ta ce mura yake yi, ta yi masa faɗan fita ba hula. Wata yamma ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ardis, ni ne." Abin da ya fito iska ce da ƙaiƙayi. Ta ɗaga kai ta ƙanƙame bargo.

"Wane ne?"

"Ni ne, Orval."

"Ƙarya kake. Shawna! Shawna, akwai wani mutum a ɗakina!"

Ya matsa zai kama hannunta, ta ɗauki kofin ruwa ta jefa inda take jin numfashinsa. Shawna ta shigo da gudu ta rungume ta, ta yi masa alama da ido ya fita. Ya fito baranda rigarsa a jiƙe ya zauna kusa da ni. Daga ciki muna jin Ardis tana cewa a kira mijinta, yana gidan rediyo, a ce masa ya zo yanzu. Washegari da ya huta ya sha ruwan zafi ta gane shi, amma sai da ya faɗa ya maimaita.

Royce da idonsa ya gani. Lokacin hutu ne, Orval yana zaune a lungun ɗakina, ya yi tari cikin hankici. Royce ya shigo da tsokanarsa.

"Fasto, yaya wa'azi? Jiya sashen harajin motocin noma har hawaye na yi."

Orval ya naɗe hankicin da sauri, amma bai rigayi idon mai kiwo ba. Royce ya kama hannunsa ya buɗe. Jini ne, ba kaɗan ba. Ya ja kujera ya zauna, ya cire hula, abin da ban taɓa gani ba.

"Tun yaushe?"

Orval ya ɗaga kafaɗa.

"Kai wane irin taurin kai gare ka? Tun muna yara haka kake. Me ya hana ka gaya mini?"

Orval ya ce da ɗan abin da ya rage masa, "Da na gaya maka sai ka janye, su ce ka sayar da su don abokinka. Da na gaya wa Marlys sai ta kai ni gaban 'yan jarida."

Royce ya miƙe ya ce a ba shi zuwa bayan hutu. Na ga ya hau bene yana haɗa matakala bibbiyu. Da aka koma zama na ji muryarsa a lasifika yana cewa ya janye buƙatarsa, a taƙaita sauran. Kafin guduma ta sauka sai sabuwar sanatar nan ta ce, "Mai girma shugaba, ni ban yafe ba." Wani ma ya ce bai yafe ba, da wani. Daga baya Royce ya sauko, bai nemi kofi ba, ya tsaya yana kallon lasifika. Ya ce, "Sun ce na tsufa, Verna. Tun daga Washington ake kiran yaran nan ana yi musu kirari. Ni na kunna wutar, amma ba ni ke riƙe da ita ba yanzu."

Marlys ma ta ji labari. Ta zo ta dafa kafaɗar Orval, idonta ya kawo ruwa, ta ce in ya ce a tsaya za a tsaya. Amma tana faɗa tana kallon kaurin shafukan da suka rage, shi ma ya ga inda take kallo. Ya ce a ƙara masa ƙarfin abin magana kawai.

Aka murɗa shi har ƙarshe. Kwanakin ƙarshen nan duk ginin ya cika da numfashin Orval. A matakala, a banɗaki, a ɗakina, kana jin shigar iska da fitarta kamar zarto a jiƙaƙƙen itace, kalmomin suna biyo baya a raɗe. Mutane suka daina zama cin abinci a wurina, sai su saya su fita. Ni ba ni da inda zan je. Ina wanke kofuna ina roƙon Ubangiji ya sa shafin da yake kai shi ne na ƙarshe. Da yamma kuwa ya daina shiga wurin Ardis. Sai ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon Shawna tana ba ta abinci, Ardis tana tambaya ko Mai Aladu ya kira.

Ana gobe rufewa ya kai shafin ƙarshe. Ya karanta shi har layin sa hannu, ya rufe, ya ɗora tafin hannu a kai. 'Yan tsirarun da ke zaure suka tashi tsaye, har da sabuwar sanatar nan mai yatsa a kan takarda. Shugaba ya ce gobe da safe ƙuri'a.

Da safe muka iso muka tarar da rabin filin ajiye motoci fayau. Kujerun adawa babu kowa. Sun tsallaka iyaka zuwa jihar da ke maƙwabtaka da mu, sun kama ɗakuna a wani otal, inda 'yan sandanmu ba su da ikon ɗauko su. Royce kaɗai ya zo, ya zauna a kujerarsa da hula a gwiwa, amma ko an haɗa shi da masu rinjaye ba a cika adadin da doka ta ce sai da shi ake ƙuri'a ba. Aka kira suna, aka jira, aka sake kira. Orval yana zaune a teburinsa cikin rigar da yake sawa ranar Ista. Da rana ta yi sanyi shugaba ya buga guduma ya ce majalisa ta tashi. Marlys ta fita gaban 'yan jarida, na otal ma suka yi nasu bayanin, kowa ya ce shi ya tsaya wa talaka.

Da Orval ya koma wurin likita aka sake dubawa, aka ce abin ya kama ɗayan gefen. Sai an cire maƙogwaron gaba ɗaya, a buɗe masa ƙofar numfashi a wuya. Shawna kuwa ta ba da sanarwar barin aiki, ta samu shara a gidajen bakin tafki. Ta yi kuka da take gaya masa. Ya dafa kanta, ya nuna mata ba komai. Ya gwada ɗaukar muryarsa a waya kamar yadda ta taɓa ba shi shawara. Da ya saurari abin da ya fito sai ya goge.

Ana gobe za a kwantar da shi a asibiti muka je gidan tsofaffi da rana. Ya kashe mota bai fita ba. Kogin ya cika ya yi baƙi, yana tafe da guntayen ƙanƙara da rassan itace. Ta taga muna hango Ardis a kujerarta, fuskarta wajen ƙofa. Ya yafito ni in matso, don sai kunne na kusa da bakinsa ake jin sa.

"Verna, in na fito ba zan iya ce mata komai ba. Za ta ji mutum a ɗaki, ta ji wannan hucin a wuyana, ta tsorata."

Na ce ina jin sa.

"Ta saba da muryarki a baranda. Ina so ki riƙa shiga gabana. Ki ce mata Mai Aladu ne ya zo, mura ce ta kama shi, an hana shi magana. Sai ki ɗora hannunta a kan nawa."

Ya tsaya ya yi tari, ya goge baki, ya jira numfashi ya dawo.

"Za ta manta kafin ki zauna. Za ta sake tambaya wane ne, ta kuma sakewa. Don Allah kada ki gaji. Duk sanda ta tambaya, ki gaya mata ni ne."